Awon Kujerar Baya

Ranar Talata likita ya ce mini ciwon daji ne, har ya kai hanta, saura wata huɗu, in an yi sa'a shida. Ranar Asabar mijina ya kwashe mu zuwa filin jirgi na Subang, mu ga jirgin da zai saya. A tsakani na yi girki, na yi guga, na raka 'yata Khaulah makaranta, ban gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa nake yi ba. In na buɗe baki sai in tarar babu komai a ciki, ko tsoro babu, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Mijina, Abban Hasna, shekararsa goma sha shida yana sayar da yadi a nan ƙasar waje, a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, daga kanti ɗaya har ya kai uku. Shekara uku ke nan da son jirgi ya kama shi. Ya yi karatun, ya ci jarrabawa, aka ba shi lasisi. Mutumin da har gobe in zai ajiye mota a ƙasan gidanmu na Cheras sai na sauka na duba masa baya, shi ne wai zai ɗaga mu sama. Da can ina tsokanarsa da wannan. Ranar ban tanka ba, shi kuma ya ɗauka na fara yarda da shi.

Jirgin fari ne, ɗan ƙarami, kujera huɗu, ƙofa ɗaya. Mai shi wani tsohon matuƙi ne ɗan ƙasar, Encik Tajuddin, mai yawan murmushi. Ya fara bayanin inji, Abban Hasna ya ɗaga masa hannu.

"Inji na gani jiya. Yau baya muka zo dubawa. In madam ba ta ji daɗin zama ba, no deal."

Tun a gida an raba wuri. Hasna, mai shekara goma sha huɗu, tana gaba kusa da ubanta, don ita ma tuƙin take so. Ni ina baya tare da Khaulah, wadda shekararta shida, kuma ko a mota sai an riƙe mata leda saboda amai.

Shiga ma aiki ne. Sai ka taka fiffike, ka sunkuya, ka tura kujerar gaba, ka cusa kanka. Na tattare doguwar rigata na hau, Abban Hasna yana tallafe da gwiwar hannuna yana cewa a hankali. Da na zauna gwiwoyina suka tokare bayan kujerar gaba. Soson ya mutu tuni, wani ƙarfe ya danne ni daidai inda ke ciwo. Ciwon na ji shi, amma daga nesa, kamar na wata ne.

"Yaya, Maman Hasna? Ki faɗi gaskiya fa. Zuwa tsibirin Langkawi awa biyu ne da wani abu, ba na son ki sauka kina ɗingishi."

"Ba laifi."

"Ba laifi ba amsa ba ce. Bayan naki fa?"

Sau biyu ya canza mana katifa a bana saboda bayan nan. Ya hakikance katifa ce. Ni ma na bar shi a haka, don ya fi sauƙi.

Ya leƙo da kansa ciki, zufa tana ɗiga daga haɓarsa, ya danna soson da babban yatsa kamar yana taya yadi. Ya yi tsaki. Ya tambayi Encik Tajuddin ko kujerar tana kwantawa baya. Ba ta kwantawa. Iska fa, tana kaiwa baya? Akwai 'yar kafa a sama, ga ta nan. Ƙara fa? Sai an sa abin kunne. Ya yi tambaya ta kai ashirin, duk a kan inda zan zauna, ko ɗaya bai yi a kan kujerarsa ba.

"Boleh buat baru," in ji Encik Tajuddin da yarensu, wato ana iya yin sabuwa, ya ƙara da Turanci: akwai masu sake kujera daidai jikin mutum, a auna bayanka da cinyarka, a yanka soso a kai. Tunda dama injin zai shiga babban gyara, sai a haɗa aikin gaba ɗaya.

"Wata nawa?"

"Seven months lah. Paling lama eight." Wato wata bakwai, in ya daɗe takwas.

Na ƙirga da yatsuna a ƙarƙashin mayafi. Na sake ƙirgawa, ko da shidan da likita ya faɗa, bai kai ba. Ban ji komai ba, sai dai na lura akwai tabon shayi a kafet kusa da ƙafata.

Abban Hasna ya yi dariya, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, dama ba ya rabuwa da shi. Ya durƙusa a kan fiffiken, ya ɗora bakin tef ɗin a kafaɗata.

"Miƙe bayanki, Hajiya. Kujera ta musamman. Wane launi kike so?"

Na riƙe hannunsa.

"Kada a yi da awona. Auna Hasna."

Hasna tana kujerar gaba tana taɓa maɓallai. Ta waiwayo.

"But I'm in front, Mama. We agreed."

"Na sani. Amma sai an sami mai riƙe wa Khaulah leda."

"Ke fa?" in ji shi. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

"Takardar asibiti tana jakata tun Talata. Ba katifa ba ce, Abban Hasna. Wata bakwai ya yi mini nisa."

Encik Tajuddin ba ya jin Hausa, amma ya juya ya tafi can wajen farfela. Tef ɗin ya zame daga kafaɗata ya faɗa tsakanin kujeru. Abban Hasna bai ɗauka ba, bai kuma tambayi takardar ba. Yana durƙushe a kan fiffiken, bakinsa yana motsi, ina jin innalillahi yake nema.

Na matsa gefe, wajen zaman Khaulah, na buga soson da tafin hannu.

"Hasna, dawo nan ki zauna mu gani, ko gwiwarki za ta shiga."