Lasifikar da Ke Kallon Katanga

Atiku ya danna ɗaya daga ƙafafu uku na ƙarfen ɗora lasifika da diddige, ta nutse cikin yashi, sauran biyun suka ɗaga. Ƙasar filin Islamiyyar Kende ke nan, ba ta riƙe komai. Shekararsa goma sha ɗaya yana kafa lasifika a bukukuwa, daga Bagudo har ƙauyukan bakin iyaka, kuma abin da ya fi taƙama da shi shi ne ba a taɓa cewa tasa ta faɗo kan kowa ba.

Gbolahan, abokin sana'arsa mai kula da janareta, ya ajiye masa buhun yashi. Ya daɗe a Bagudo har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari tsami.

"Malam Atiku, in muna ɗaga sandar, huda ta uku muke tsayawa. Kai ka kafa dokar."

"Yau ta biyar za ta."

"Cikin iskar ga? Kuma mi ya sa take kallon katanga, jama'a na baya?"

Atiku ya nuna gidan da ke tsallaken lungu da haɓa. Gidansu ne. A ɗakin ƙurya mahaifiyarsa Inna Saratu take kwance, wata takwas tun da ɓarin jikinta ya shanye. Yau jikarta Mashkura, 'yar Atiku ta fari, za ta yi saukar Alƙur'ani, kuma a cinyar tsohuwar ta fara koyon baƙaƙe. Atiku bai tambaye ta ko tana son zuwa ba. Shi kaɗai ya yanke cewa rana za ta yi mata yawa, ya ƙudura kuma cewa ko ta halin ƙaƙa sai karatun ya tsallake katanga ya same ta.

Suka cicciɓi lasifikar su biyu, suka zura ta kan sandar, suka ɗaga har huda ta biyar. Atiku ya cusa ƙusar, ya murɗe makullin, ya jibga buhu a kan kowace ƙafa. Ya girgiza ta. Ta tsaya, amma tsayuwar ba ta kwanta masa ba.

Hantsi na yi iskar ta ƙara ƙarfi daga wajen kogi, tana tura lasifikar baya, daidai inda aka shimfiɗa wa ɗalibai tabarmi. Atiku ya ga ƙafar gaba ta motsa. Bai tsaya shawara ba, ya shiga tsakanin ƙarfen da tabarmin, ya tokare sandar da kafaɗa, fuskarsa na kallon katanga.

"Mu sauko da ita," in ji Gbolahan.

"An kira sunanta. Koma wurin injinka."

Muryar Mashkura ta fito ta saman kansa, ƙarfen na rawa da ita har cikin haƙoransa. Ta ɗan yi rawar murya a aya ta farko, sannan ta miƙe. Ya so ya waiwaya, ko sau ɗaya, ya ga farin hijabin da Mariya, matarsa, ta goge tun jiya. Duk sa'ad da ya sassauta sai sandar ta biyo shi. Haka ya tsaya har aka shafa fatiha, gumi na zuba cikin idonsa, yana jin daɗi da takaici a haɗe.

Da suka sauke lasifikar, kafaɗarsa ta mutu murus. Ya juya zai nufi gida, sai ya ji an ce, "Atiku."

A gefen rumfar mata, cikin inuwa, Inna Saratu ce zaune kan kujerar roba, an tokare ta da matasai. Mariya da maƙwabta uku ne suka ɗauko ta ta ƙofar baya tun kafin a fara. Ɗakin da ya yi awa guda yana aika wa karatu babu kowa a cikinsa.

Ya durƙusa gabanta, kunya ta hana shi ɗaga kai. "Inna, kin ji ta?"

"Na ji ta sarai." Bakinta ya karkace, amma maganar ta fita. "Ganinta ne ban samu ba. Wani ƙato ya rungume ƙarfe yana zufa, ya ba ɗiyatai baya. Shi na yi ta kallo."

Ta ɗora hannunta mai lafiya a kan kafaɗar da ta mutu, ta fara matsa masa a hankali.