Rigar Zuhudun Gaudencio

"Kalma ɗaya ce, ranka ya daɗe," in ji Fada Ulpiano. "Ka ce ka yi nadamar dokar nan a gaban shaidu biyu, in shafa maka man tsarki, ka tafi lafiya."

"Da kalma ce da tuni na ba ka, ɗana," in ji tsohon daga kan gado. "Ƙarya kake nema."

Saturnina mai gidan burodi tana tsaye bakin ƙofa, kwanon miyar tafarnuwa na hucewa a hannunta. Ita ce shaida ta farko, na biyun kuwa Melitón mai kaɗa ƙararrawar coci, wanda ya ƙura wa takalmansa ido.

Wanda ya ga Don Evaristo a ranar, ƙashi da fata cikin bargo, ba zai yarda ya taɓa riƙe ƙasa ba. Ya daɗe yana minista, har Sarauniya ta naɗa shi Firayim Minista, kujerar da bai cika shekara a kanta ba. Mutum ne da ko ranar da majalisa ke neman kansa sai ya fara durƙusawa a coci. Amma hannun da yake jan carbi da shi, da shi ya sa hannu aka rufe gidajen 'yan zuhudu. Wasu suka zama asibiti, wasu makaranta, wasu manya suka wawashe. Da gwamnatinsa ta faɗi, masu addini suka ce ya ci amana, abokansa suka ce tsoron coci ya yi masa yawa. Ya dawo garinsu shi kaɗai, ya kama bene kusa da tandar Saturnina.

Ita ba a jarida ta karanta dokar ba. A ƙofarta ta gan ta, ranar da yayanta Gaudencio ya dawo daga gidan zuhudu a ƙasa, ba komai sai rigar jikinsa da igiyar ɗamara. Kullum da asuba yakan tashi ya zauna jiran ƙararrawar da ba za ta sake bugawa ba, har ya mutu a ƙuryar ɗakinta. Shi ya sa shekara da shekaru takan miƙa wa Don Evaristo burodi ba tare da ta dube shi ba. Sai da ciwo ya kwantar da shi ta fara hawa da miya, tana cewa don kada ya mutu ya cika mata layi da wari ne.

"Umarnin Bishop ne," in ji Fada. "In ba haka ba, babu mai, babu ƙararrawa, sai bayan katangar maƙabarta."

"Ina da zunubai da za su ishe ka har yamma. Girman kai, fushi, matata da na bari tana ci ita kaɗai. Zauna in zuba maka. Amma a asibitin da dokar ta samar aka haifi rabin yaran garin nan. Ba zan shiga gaban Ubangiji da ƙarya a bakina ba."

"Taurin kai har bakin kabari," in ji Saturnina. "Faɗi mana, Mai Girma! A majalisa ƙarya nawa ka yi?"

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Waɗancan don mutane ne, maƙwabciya." Ya daɗe yana kallonta. "Dokar ban yi nadamarta ba. Yadda aka kore su, cikin sanyi, ba ko bargo, wannan kam yana cina. Na san sunansa. Gaudencio. Kullum nakan sa shi a carbina."

Ta ajiye kwanon, ta gyara masa matashi da ƙarfi fiye da kima.

Fada ya jira, ya sake roƙo, sannan ya mai da 'yar kwalbar man cikin aljihu, ya sauka yana share ido.

Da la'asar, lokacin da yara ke fitowa daga makarantar da a da gidan zuhudu ce, Don Evaristo ya cika, carbin na naɗe a yatsunsa. Hasumiyar coci ta yi shiru. Matan layi suka taru a ƙasan bene, ba wadda ta hau.

"To da me za a rufe shi?" Melitón ya tambaya a hankali. Duk mai tsoron Allah a garin nan cikin rigar zuhudu ake binne shi, ga shi babu wanda zai ba da tasa saboda wannan mutum. "Akwai kwat ɗinsa na minista, mai zinariya a wuya. Asu ya ɗan taɓa shi."

Saturnina ta sauka, ta ratsa matan, ta shiga ɗakinta. Ta buɗe akwatin da ta daɗe ba ta taɓa ba. Rigar na nan a ninke, ruwan ƙasa, gwiwoyinta sun koɗe saboda durƙuso. Ta kai ta hancinta, sannan ta rungumo ta ta fito.

"Saturnina, ta Gaudencio ce fa," in ji wata tsohuwa.

"Na sani," ta ce, yadda duk layin zai ji. "A cikinta zan sa shi. Melitón, ɗora ruwa."