Ganyen Kabewar Bana Mwaba

Ranar da Mwaba ta gaya wa mahaifinta tana da ciki, ranar ce ya tuge lambun mahaifiyarta.

Da hantsi ta sauko daga motar Lusaka, ta faɗa masa tun a bakin ƙofa. Mahaifin nata, Ba Katongo, ya ce madalla, ya koma kan jaridarsa. Sai da ƙamshin ganyen kabewar lambun da dakakkiyar gyaɗa ya iso shi daga madafa, sannan ya ninke jaridar, ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan gida.

Marigayiya Bana Mwaba, wato mahaifiyar Mwaba, a ka ta yi ta ɗauko ƙasar lambun nan. Duk sa'ad da aka yashe magudanar da ta fito daga tsohuwar mahaƙar dalma, matan Kabwe sukan fita da kwanuka su kwashi baƙar lakar, wai baƙar ƙasa ita ce mai albarka. Tun rasuwarta yake ba lambun ruwa. Ba ya tsinka, ba ya bai wa kowa. Ganyen 'yan ƙanana ne, sun koɗe sun yi rawaya, koren ya rage a jijiyoyi kaɗai.

"Ba Tata! Me kuke yi haka?" Mwaba ta fito da ludayi a hannu, tana kiran mahaifinta da yarensu.

"Girbi."

"Hannun Mayo, mahaifiyata, ne fa wannan! Shi kaɗai ya rage mana. Taki yake so, kowa ya san ganye in ya yi rawaya yunwa yake ji."

"Kowa ya sani," in ji shi, yana sara. "Shi ya sa kowa ke asibiti. Na tsufa ina koyar da ilimin tsirrai a garin nan, ashe bango nake yi wa karatu. Koren nan shi ne tukunyar ganye, da shi yake dafa hasken rana ya ci. Dalma ta bi saiwa ta hau, ta hana shi yin koren, ta toshe masa kafofin numfashi. Ga rana ƙwal a kansa, yana mutuwa da yunwa. Ko kin zuba masa takin duniya, a banza. Abin da ya sha kuma yana jikinsa, yana jiran wanda zai ci."

"Mu da muka girma da shi, mun mutu?"

"Ke kin tsira da rabin wayo. Jikana cikakke nake so."

Ta yi dariya ba ta so ba, dariyar ta koma kuka. Bai daina sara ba sai da kunya ta ƙarshe ta kwanta.

Da ya shigo ya tarar ta tuƙa nshima, tuwon masara, ta kwashe, tukunyar miya na gefe tana tururi. Ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"To zubarwa za a yi? Mayo ba ta taɓa zubar da abinci a gidan nan ba."

"Ba za a fara yau ba. Akwai busasshen kifi a kwando, soya wa kanki."

Ya jawo tukunyar gabansa, ya wanke hannu, ya mulmula loma ya tsoma. Gyaɗar ta yi kauri daidai, da ɗan kanwa, ganyen bai dahu ya lalace ba. Yarinyar ta gaji hannun uwarta sak. Mwaba ta zauna nesa da kifinta tana kallonsa, har ya suɗe gindin tukunyar da yatsa.

"Ba Tata, ku da kuka ce guba ce?"

"Guba ce. Ni na gama girma."

Ya daɗe yana kallon tukunyar. Tsawon zamansu, kullum yana lissafa wa matarsa abin da ke cikin miyarta, ƙarfe bayan ƙarfe, tana ce masa, "To malam, ci ka tashi." Bai taɓa ce mata ta yi daɗi ba.