Yadda Muka Fitar da Fiyano Tsakar Gida

Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da fiziks a sakandaren garinmu, kuma ban taɓa shawo kan mutum ɗaya ya yarda cewa promaya ba ta kisa ba. Ina nufin iskar nan da ke shigowa ta taga ta fita ta ƙofa idan an bar su biyun a buɗe. A wurinmu ita ke kawo ciwon wuya, da ciwon kunne, da karkacewar baki, har da ciwon ƙoda. Ɗalibaina sukan rubuta mini amsa daidai a jarrabawa, su ci maki, sannan su tashi su rufe taga.

Da na yi ritaya sai na koma kaɗa wa yaran sansanin hutu fiyano. Kowane watan Yuli, mako biyu, a zauren gidan al'adu: yara arba'in, daga 'yan shekara bakwai zuwa sha shida, suna koyon waƙa da rawa da kwaikwayo, ranar Asabar ta ƙarshe su yi wa gari wasa. Bana sabon darakta aka turo mana daga birnin Novi Sad, wani Gavrilo, dogo, mai gemu da gajeren wando, bai kai talatin ba. Shi ya rubuta wasan da kansa: labarin wata shamuwa da ta ƙi bin 'yan'uwanta zuwa Afirka da sanyi ya gabato. Labarin ba shi da wani kai, amma waƙoƙin da daɗi.

Shamuwar ita ce Nevena, jikar yayata Desanka. Shekarunta goma sha uku, kuma yarinya ce da za ta wuni a ɗaki ɗaya da kai ka manta tana nan. Ranar da aka gwada muryoyi ta buɗe baki, sai da na ɗago kai daga fiyano in tabbatar ita ce. Uwarta tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Vienna, Desanka ce ke riƙonta. Uwar ta nemi hutun kwana uku don wannan Asabar ɗin, za ta taho a bas. Ba ta taɓa jin 'yarta tana waƙa ba, ko a waya, don Nevena ba ta yarda.

A kujerun baya na zauren kakanni ke zama, su shida, wata rana bakwai. Ba wanda ya gayyace su. Sukan kawo yara da safe, su ce za su ɗan huta kafin su koma, sai tashi. Suna fifita da jarida. Fifita da hannu ba laifi, kada ka tambaye ni dalili.

Ranar Laraba ma'aunin zafin da ke jikin bango ya nuna talatin da bakwai. Wata 'yar ƙaramar yarinya da ke fitowa a kwaɗo ta zauna daɓas a tsakiyar rawa ta ce zauren yana juyawa. Gavrilo bai yi shawara da kowa ba, ya buɗe tagogi uku da ƙofar baya. Iska ta ratsa, takarduna suka ɗaga, yara suka sauke numfashi. A baya kuwa na ji ana buɗe jakunkuna, ana ciro rigunan sanyi.

Washegari Nevena ta tashi murya a dishe.

Ni na san dalili. Babbar waƙar shamuwa tana hawa sama can inda muryar Nevena ba ta kaiwa. Ita murya ce mai kauri, ta ƙasa, kuma kwana huɗu tana matsa maƙogwaro don ta kamo wancan wuri. Tun ranar Litinin na gaya wa Gavrilo. Ya ce shamuwa tsuntsuwa ce, a sama take, dole waƙarta ta yi sama. Na ce masa shamuwa ba ta ma da murya, baki kawai take kaɗawa. Ya yi dariya ya ce yana son barkwancina.

Ranar Juma'a Desanka ta kawo ta wuya a naɗe da gyalen ulu, a ƙarƙashinsa tsumma jiƙe da barasar gida da muke kira rakiya, duk inda ta gifta sai yara su toshe hanci. Ta je gaban Gavrilo, kanta bai wuce ƙirjinsa ba, ta gaya masa idan aka sake buɗe taga da ƙofa tare za ta ɗauke jikarta, ba wasa ba waƙa. Shi kuma ya ce yana girmama ta ƙwarai, amma ba zai dafa 'ya'yan mutane arba'in ba.

A nan ne na yi wauta. Na aika aka samo mini kyandir, na kunna, na tsaya tsakanin taga da ƙofa a gaban kakanni bakwai ina nuna musu yadda harshen wutar ke ɗan karkata. Na yi bayanin iska mai zafi da mai sanyi. Na ce wannan iskar ita ce dai wadda suke shaƙa a kasuwa, ba ta san ta taga ta shigo ba. Na yi kyau, har Gavrilo yana gyaɗa kai. Desanka ta bari na gama.

"Lepa," ta ce, "ke littattafai kika karanta. Ni kuwa mijina Milutin na binne. Tsakanin taga biyu ya zauna a mota."

"Yaya, Milutin kwalin sigari biyu yake sha a rana, shekara hamsin."

"Shekara hamsin bai mutu ba. Sai da ya zauna tsakanin taga biyu."

Ta kama hannun Nevena suka fita. Yarinyar ta waiwayo ta dubi fukafukan takarda da ke rataye a jikin labule.

Gavrilo ya ce zai jira zuwa safiyar Talata. In Nevena ba ta dawo ba, wata yarinya, Isidora, za ta zama shamuwar. Isidora ta riga ta haddace waƙar, kuma an ce uwarta ta je ta auna fukafukan da zare.

Ranar Lahadi bayan coci na tafi gidan Desanka da nufin ba da haƙuri, abin da ban iya ba sosai. Na same su a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi suna ɓare wake. Iska ce ake yi ranar mai ƙarfi daga wajen kogi. Zannuwan gado da ke kan igiya suna ta faɗi-tashi, ɗankwalin Desanka ya zame, gashin Nevena duk ya rufe mata fuska. Su biyun suna zaune hankali kwance.

Na zauna na ɗauki wake. Can na tambayi yayata, a hankali, ko wannan iskar ba za ta taɓa yarinyar ba.

Ta dube ni kamar yadda ta saba dubana tun ina 'yar shekara biyar. "Wannan ai iska ce kawai. A waje muke. Ke da duk karatunki ba ki san bambanci ba?"

Na ce ban sani ba, ta koya mini. Ta kuwa koya mini, kusan rabin awa. Iskar waje ta Allah ce, tana da faɗi, ba ta nufin kowa. Promaya ita ce wadda aka matse tsakanin kafa biyu, ta shiga nan ta fita can, ta bi ta jikin mutum. Na saurara ban katse ta ba, wanda shi kaɗai ya isa ya sa ta zarge ni. Da ta shiga ɗaki ɗauko kofi, Nevena ta matso ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Kaka Lepa, Mama ta riga ta sayi tikiti." Na ce na sani, ta ci gaba da ɓare wakenta.

Bayan gidan al'adu akwai tsakar gida mai daɓen bulo, tsakaninsa da ɗakin karatu na gari, da manyan bishiyoyi biyu da ke ba da inuwa daga azahar. Da safiyar Litinin na ce wa Gavrilo mu mayar da komai can, gwaji da wasan duka. Ya fara lissafa mini fitilu da labule da sauti. Na ce shamuwa a kan rufi take kwana, me ya haɗa ta da labule. Wannan karon bai yi dariya ba, ya shafa gemu ya ce ai dama tun farko ya so ya yi wasan a fili.

Sai da Desanka ta zo duba wurin. Ta zagaya da hankici riƙe a yatsu biyu, sauran kakanni na biye da ita. Ta tsaya. Akwai babbar ƙofa da ke fita titi, akwai kuma wata 'yar ƙofa a ƙarshen bango da ke shiga lambun ɗakin karatu. Kafa biyu. Ta ce ba ta yarda ba.

Na dubi sama, babu rufi, sai sararin Allah. Na dubi 'yar ƙofar. Ta ƙarfe ce, sanduna shida, tsakanin kowane biyu kyanwa za ta wuce ba ta taɓa gefe ba. Jawabi ya taso mini har maƙogwaro, cikakke, da misalai. Na haɗiye shi. Na je na karɓo makulli wurin ma'aikaciyar ɗakin karatu, na ja ƙofar na kulle a gabansu. Iska ta ci gaba da shigowa ta tsakanin sandunan yadda take yi. Desanka ta jijjiga kwaɗon, ta mayar da hankicinta aljihu, ta ce gobe yarinya za ta zo.

Saura fiyano. Tun kafin a haifi Gavrilo ba a taɓa gusar da shi daga inda yake ba. 'Yan kwana-kwana huɗu suka zo da yamma, duk tsofaffin ɗalibaina, ba wanda ya taɓa wuce matsakaicin maki a cikinsu. Suka ɗaga, suka sauke, suka yi gardama a kan wanda ya taka wa wani ƙafa. Fiyanon ya maƙale a ƙofar baya, sai da aka cire ƙyauren gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, gumi na zuba, ya ce, "Malama, da kin koya mana yadda ake wannan da mun saurara." Na ce na koya, babi na huɗu ne, ranar yana barci.

Talata Nevena ta dawo, ba gyale, muryar ta ɗan washe saboda kwana huɗu ba ta matsa ta ba. Kafin sauran yara su taru na kira ta gefen fiyano na kaɗa mata waƙar, amma na sauke ta ƙasa mataki uku. Ta fara da ɗari-ɗari. Da ta iso wurin da ke ba ta tsoro, sai ta tarar ya sauko daidai bakinta. Ta wuce shi, ta dube ni, na ci gaba da kallon takarda.

Gavrilo ba kurma ba ne. Bayan gwaji ya zo ya jingina da fiyano. "Malama Leposava, kin sauke mini waƙa."

Na ce masa ba ni ba ce, fili ne. Na ce a waje, inda babu bango huɗu, sauti mai tsini yakan watse kafin ya kai kujera ta uku, don haka duk mai hankali saukewa yake yi. Na haɗa da kalmomi biyu na Latin. Rabin zancen ƙarya ne, sauran rabin kuma bai shafi maganar ba. Ya ce ai shi ya sa yake son aiki da masana. Isidora aka ba ta shugabar kwaɗi, da 'yar waƙarta ta kanta, uwarta ta daina gaishe ni na kwana biyu.

Asabar ƙarfe shida, rana ba ta faɗi ba, tsakar gidan ya cika, wasu a kan kujeru, wasu a kan katanga. Iska ta taso kamar an aiko ta. Sai da na danne takarduna da maƙalan shanya guda biyar. Hular wani kwaɗo ta tashi ta faɗa cinyar limamin coci. Bishiyar kwali ta kife sau biyu, yara suka tashe ta suna rawa kamar cikin wasan ne. A layin gaba kakanni suna zaune, ɗankwali na kaɗawa, ba wadda ta taɓa rigar sanyi.

Uwar Nevena ta iso daga tasha kai tsaye, jakarta tsakanin ƙafafu, kusa da Desanka. Da shamuwa ta fito da dogayen safa ja, fiffikenta ɗaya iska ta lanƙwasa shi baya, na ga uwar ta dafe baki tana dariya. Sai Nevena ta fara. Muryar ta fito daga ƙasa, ta cika wurin har jikin bangon ɗakin karatu, ba ta rawa ba ta neman taimako. Yaran da ke kan katanga suka daina lilo da ƙafa. Uwar ta sauke hannu daga baki, ba ta sake motsi ba har aka gama. Ni ma na yi kuskure ɗaya a hannun hagu, ba wanda ya lura.

Bayan tafi ya lafa na same su a gindin bishiya. Uwar ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu, fentin kwalliyar wasan duk ya ɓata mata tafin hannu, tana tambaya tun yaushe take da wannan murya, me ya sa ba wanda ya gaya mata.

"Da ba ki ji komai ba," in ji Desanka. "Saura kaɗan su kashe mata ita a cikin wancan zaure. Ni na tsaya a kai aka fito da su waje. Tambayi Lepa."

Uwar ta juyo gare ni. Na ce haka ne, Yaya ce ta tsaya.

Nevena ta ce tana jin ƙishi. Wata yarinya ta miƙo mata kwalbar ruwa mai raɓa a jiki, Desanka ta cafke tun kafin ta kai hannu, ta danna ta a hammata don ta ɗan yi ɗumi. Uwar ta ce wa 'yarta, kafin ruwan ya huce, ta sake yi mata wurin nan na tsakiya, ita kaɗai. Nevena ta duba hagu da dama, ta gyara lanƙwasasshen fiffikenta, ta yi.