Lambar Yaya

Shekara goma sha ɗaya Auta tana aikin gwajin jini a asibiti, kuma in dai na'urarta ta faɗi magana, to ko da wa sai ta yi musu. Wannan yardar ce ta cuce ta.

Yayanta direban babbar mota ne, yana ɗauke da ciwon hanta tun yarinta, irin wanda kan rikiɗe ya zama daji. Likita ya ce duk wata shida a yi masa abu biyu: gwajin jini da hoton ciki. Jinin da sauƙi, ƙanwarsa ce mai ɗiba. Hoton kuwa sai an wuni a layi da yunwa, ga Yaya da ƙin zama kamar an zuba masa ƙaiƙayi a wando.

"Auta, hoton nan dole ne?"

"Bar shi, Yaya. Akwai sinadarin da dajin hanta ke zubawa cikin jini. In ya soma, lambar za ta tashi, ni zan fara gani. Muddin ba ta kai goma ba, ja motarka."

Shi ke nan ya samu abin tsokana. Da ya leƙo ɗakin gwaji sai ya naɗe hannun riga: "Mayya, zo ki sha rabonki." Kashegari ya bugo waya: "Nawa na ci?" Ta ce huɗu, ya yi dariya ya kashe. Shekara uku suna haka, takardun hoton na cikin aljihun mota.

Sai da wando ya fara zame masa matarsa ta ja shi hoton, yana mita. Likita ya kira Auta ofis, ya juyo mata allon. Ƙari ne ya kai lemo, ya riga ya kama babbar jijiya.

"An wuce maganar tiyata," in ji shi.

"Likita, lambarsa fa huɗu ce!"

"Ba kowane daji ke ɗaga ta ba. Shi ya sa nake rubuta takarda biyu. Ai an koya miki."

An koya mata kuwa. Wallahi ta sani, kawai dai ba ta taɓa kawowa zai faɗo kan nata ba. Ta tsani kanta, ta tsani farar rigar da ke jikinta.

Bayan mako biyu aka kwantar da shi, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Likita ya gaya masa komai, Yaya ya ce shi sai ya ji daga bakin Auta. Ta ɗebi jinin, ta gwada har sau biyu, sannan ta dawo bakin gadon.

"Nawa na ci, Mayya?"

Ta kasa kallonsa. "Huɗu, Yaya. Amma ka ji…"

"Alhamdulillahi!" Ya juya wajen matarsa yana murmushi. "Kin gani ko? Auta ba ta kuskure. Maza ki buga wa iyayen gidana, kada su ba wani motata."