Kwatancen Gidan Auta

Auta ta taso ta tarar danginsu suna da wata rana guda a shekara da suke kira Ranar Gida. Kakansu ne ya kafa ta, kuma ba ta da alaƙa da wani biki na gari. Kowa zai ajiye abin da yake yi ya zo babban gida, a ci abinci tare, sannan wanda ya fi kowa shekaru ya zauna a tsakiya ya yi ta kiran mutane, daga babba har jaririn goye, kowa ya amsa. Wanda bai zo ba, na kusa da shi ya faɗi inda yake. Iyakar abin ke nan. Amma wanda ya tsallake ranar ba hujja, sai ya shekara yana shan gori.

Da aure ya kai ta ƙasar waje, ta tafi da ranar a ranta. Tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, mijinta kuma direban bas ne, suna da 'yan mata biyu, Babba da Ƙarama. Ranar ba ta faɗowa cikin hutun kowa, don haka tun da wuri take roƙon musanyar aiki, shi ma Direba ya nemi wanda zai riƙe masa layinsa. A can gida kuwa abin ya ja baya. An sayar da babban gidan, manya sun ƙare, sai Baffa, ƙanin mahaifinta, shi ne ke ɗan tara 'ya'yansa da jikoki.

Bayan rasuwar Inna, mahaifiyarta, Auta ta ɗauko mahaifinta ya dawo wurinsu. Tsohon kafinta ne, mai tsayi da ƙaton hannu. Shekarun farko shi ke yin kiran a falonsu, mutum huɗu kacal, amma yana yi da murya kamar yana gaban taro. Daga baya mantuwa ta fara cin ƙarfinsa. Ya taɓa barin gas a kunne. Ya taɓa fita cikin sanyi da singileti yana neman shagonsa, sai 'yan sanda ne suka dawo da shi. Dole ta sa suka kai shi gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari. Auta ba ta faɗa wa kowa a gida ba. Idan an tambaya, sai ta ce yana barci.

A Ranar Gida ta wannan shekarar, ta bar yaran suna yanka albasa, ta tafi ɗauko shi da hantsi. Ta danna lambobin ƙofa ta shiga, ta bi dogon barandan da kullum ke warin maganin goge ƙasa. Ɗakinsa ne na ƙarshe. Tana tura ƙofa ta ja ta tsaya. Kujerun roba ne cike da ɗakin, an jera su sun zagaye gadon, har ƙofar banɗaki ba ta buɗuwa.

Matar da ke kula da shi, wadda yaran suke kira Mai Gilashi, ta shigo tana kwashe su. Cikin fara'a ta gaya wa Auta cewa yanzun nan 'yan uwansu suka fita. Ta ce mutane ne masu natsuwa, ba hayaniya, harshenku suke yi ƙasa-ƙasa. Ita ce ta yi ta jido musu kujeru daga ɗakin cin abinci, duk lokacin da ta zaci sun isa sai ta ga wani a tsaye. Auta ta tambaye ta su nawa ne. Matar ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta yi dariya ta ce abin mamaki ba za ta iya cewa ba. Amma ta tuna wata tsohuwa gajera da ta kama hannunta ta riƙe, alamar godiya. Akwai tabon ƙuna a bayan hannun tsohuwar na hagu, mai faɗi kamar ganye.

Auta ta san tabon. Tana 'yar shekara bakwai man suya ya zubo wa Inna a wannan hannun.

Ba su da dangi ko ɗaya a ƙasar. Ta koma wurin mai zama a bakin ƙofa ta tambaya, ya ce shi bai buɗe wa kowa ba, amma ya ɗan tashi ya haɗa shayi. Mai Gilashi ta ɗauka shi ya shigo da su.

Baba yana zaune a bakin gado, ya sa hularsa daidai, idanunsa tas. Rabon da ya gane ta an yi watanni.

"Auta, kin yi saɓani da su," ya ce.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi su wa. Ya lissafa mata kamar mai ba da labarin kasuwa: Innarta, da Gwaggo yayarsa, da yayanta na fari wanda hatsarin mota ya ɗauke tun tana makaranta, da wasu kakanni da ita sunansu kawai ta sani. Sai kuma Baffa. Ta ce ai Baffa yana gida da ransa. Ya ce to, shi dai ya zo, har yana ta ƙorafin sanyi.

Sai fuskarsa ta canja. Ya ce sun tambaye shi kwatancen gidanta, don sun ji can za a yi taron, shi kuma ya rasa. Ya yi ta lalube a kansa bai samu ko sunan layin ba.

"Na ji kunya," ya ce. "A ce mutum bai san hanyar gidan 'yarsa ba."

A mota ya ci gaba da tambaya. Ta ce masa ai ga shi za su je, zai gani da idonsa. Ta kunna rediyo, ya miƙa hannu ya kashe. Maimakon ta bi babban titi, sai ta samu kanta tana zagaye ta bayan masana'antu, tana shiga lungunan da ba ta saba bi ba. Ta san abin da take yi, kuma ta san ba shi da ma'ana. Ita mai aikin asibiti ce, ta san yadda ciwon mantuwa yake. Amma ciwon mantuwa bai taɓa jido kujeru ba.

Baba ya manna fuska da gilashi yana ƙoƙarin riƙe hanyar da suke bi, leɓɓansa na motsi. Kowace kwana sai ta goge wadda ta gabace ta. Da suka tsaya a danja ta ga hawaye na bin gemunsa.

"Ko ba kya so su zo ne?" ya tambaya.

Ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne Inna. Ta yi addu'a a zuci, sannan ta faɗa masa. Ta ce layin da ke bayan gidan burodi, bene mai shuɗiyar ƙofa, hawa na uku, ƙofar da ke hannun dama. Ya juya ya dubi kujerun baya, ya maimaita a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai yi wa kurma bayani. Ta ɗaga ido ta kalli madubi. Babu komai a baya sai lemar Ƙarama. Danja ta ba da hannu, ta taka mota, sai ƙararrawar nan mai tuna wa mutum ya ɗaura bel ta fara kuka. A allon gabanta fitilun kujerun baya uku duk sun yi ja. Haka ƙararrawar ta yi ta kuka har ƙofar gida.

Ta ja Direba kicin ta gaya masa. Ya ce motar nan dama wayoyinta sun daɗe da haukacewa, ita kuma Mai Gilashi wataƙila baƙin wani ɗaki ta gani. Ya ƙara da cewa in ma baƙi ne su zo, ko ya huta da cin ɗumamen shinkafa har mako. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Bayan azahar aka shimfiɗa leda a tsakar falo, aka kawo shinkafa da nama da lemo. Baba ya zauna a kujerarsa ta da, kusa da taga. Ya ce a bar ƙofar waje a buɗe. Direba ya dubi matarsa, ya je ya buɗe, ya tokare ta da takalmi. Iskar bene mai sanyi ta shigo. Babu motsin kowa a matattakala.

Babba da Ƙarama suna kan doguwar kujera da farantansu. Can sai Auta ta ga Babba ta matsa gefe, Ƙarama ma ta matsa, suka takure a lungu guda, daga nan suka zamo ƙasa suka zauna a kan leda ba tare da sun daina hirarsu ba. Ta tambaye su me ya sauko da su. Ƙarama ta waiga ta kalli kujerar da ba kowa, ta ce ita dai ta ji wurin ya yi matsi ne.

Baba ya gyara murya ya fara kira. Bai fara da Auta ba kamar yadda ya saba a gidan nan. Ya fara da mutanen da suka rasu tun kafin a haife ta. Yakan kira, ya dakata, ya gyaɗa kai, ya wuce. Ya kira Gwaggo. Ya kira Inna da sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi, ya yi murmushi. Ba a ji komai ba sai ƙarar firji daga kicin. Sannan ya kira ƙaninsa.

Daga lungun da ke kusa da na'urar ɗumama ɗaki, wata murya ta ce, "Na'am, Yaya."

Murya ce mai nauyi, irin ta wanda ke magana cikin barci. Cokalin Direba ya tsaya a hanya. Babba ta kama hannun ƙanwarta. Babu wanda ya juya ya kalli lungun.

Baba ya ci gaba abinsa. Ya kira Auta, ta amsa da ƙyar. Ya kira surukinsa da jikokinsa, duk suka amsa. A ƙa'ida nan ake tsayawa, don mai kira ba a kiransa. Amma sai ya karkata kai kamar wanda aka yi wa magana daga bakin ƙofa. Ya saurara. Ya dubi farantinsa, ya dubi yaran.

"Ku yi gaba," ya ce. "Ban gama cin abinci ba."

Jim kaɗan ya ce a rufe ƙofa, sanyi na shigowa. Kafin Direba ya dawo ya zauna, hasken nan ya bar idanun tsohon. Ya kalli Auta cikin ladabi ya tambaye ta ko ita ce sabuwar ma'aikaciya.

Ta shiga ɗaki ta kira gida. Matar Baffa ce ta ɗauka. Ta ce ai yau ba su yi taro ba, zazzaɓi ya kwantar da Baffa, tun safe yake wani irin barci, an yi tashin duniya bai motsa ba, har sun aika a nemo mota. Yanzu ya farka, wai a ba shi bargo, ga gari ana zafi kamar gidan burodi. Auta ta roƙa a ba shi wayar.

Muryarsa ce, irin wadda ta ji a falo. Ya ce mata ya sha tafiya yau. Ya ce benensu ya cika tsawo, gwiwarsa har yanzu ciwo take. Ya tambayi me ya sa ba su gyara aljihun kicin ɗin nan da hannunsa ya cire ba, alhali ga kafinta a gida. Baffa bai taɓa shiga jirgi ba, kuma ba ya karɓar kiran bidiyo.

Sannan ya ce sun fara biyawa ta inda Yaya yake kwana. Auta ta zauna a bakin gado.

"Kar ki damu," ya ce. "Innarki ta duba ko'ina, har ƙarƙashin gado. Ta ce wurin da tsabta."

Ta tambaye shi yadda aka yi ya dawo. Ya ce da suka sauko ƙasan bene, jama'a suka yi hagu, shi ma ya bi su, don hirar ta yi daɗi kuma ya daɗe bai ga 'yan uwansa ba. Sai Gwaggo ta juyo ta dungure masa kai kamar yadda take yi suna yara, ta ce wa ya gayyace shi, ya wuce ya koma. Ya ce har ga Allah ya ji haushi.

Ranar Auta ba ta mayar da Baba ba. Ta nemi hutu ya yi mako a wurinsu, yana kwana a ɗakin yara, bai sake gane kowa ba. Da hutun ya ƙare ta mayar da shi, kuma a makon ta kira sauran dangi ta faɗa musu inda yake. Wasu sun yi magana, wasu sun yi shiru. Baba ya rasu da sanyin shekarar da ta biyo, da rana tsaka, bayan ya cinye abincinsa tas.

Baffa yana nan da ransa, yanzu shi ne babba a dangi. Shi ke yin kiran ta waya, Auta ta ɗora ta a kan tebur su amsa daga falonsu. Masu rai kawai yake kira, kuma da sauri yake yi. Matarsa ta ce duk Ranar Gida ba ya yarda ya kishingiɗa, komai gajiya. Yakan sa a kai masa kujera tsakar gida, ya tara jikoki ya ce su yi ta yi masa surutu, in sun ga yana gyangyaɗi su ja masa kunne.