Singiletin da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Ni tela ne, shekara ashirin da biyu ina kan keke, kuma ko ido rufe ka miƙo mini yadi zan gaya maka auduga ce ko roba. Na fara da wannan ne don a san abin da ya faru ba rashin sani ba ne. Tsoro ne kawai, irin na magidancin da ya yi ɓarna a gidansa.

Matata masaniyar ƙasar noma ce, a wata cibiyar bincike take aiki. Dakta nake ce mata, ita kuma ta ce mini Maigida, in ta ji haushina ta ce Tela. A bayan ginin cibiyar tana da filayen gwaji biyu, kowanne bai fi tsakar gida ba. Ɗaya ana noma shi yadda aka saba, a kwashe kara bayan girbi a bar shi tsirara. Ɗayan kuwa shekara bakwai tana lallaɓa shi da takin gargajiya, ta lulluɓe shi da ragowar kara, ta bi hatsi da wake. Yaranmu uku, amma in ita ke lissafi da filin nan huɗu ne.

Bara aka ƙara mata aikin kula da tallafin binciken cibiyar baki ɗaya. Aka ba ta ofis mai fanka da kabad biyu, aka raba ta da fartanya. Matar da a da take dawowa da laka har gwiwa tana ba mu labarin tana, sai ta koma dawowa da fayil a hammata da ciwon wuya. Farcenta ya yi fes. Ni ban so hakan ba, don tun da farcen ya yi tsabta dariyarta ta ragu.

Tallafin filin nata kuma ya zo ƙarshe. Gidauniyar da ke ɗaukar nauyinsa ta ce za ta turo wakiliya ta gani da ido kafin a sabunta. Daraktan cibiyar dama ya daɗe yana auna wurin da ido, wai motocin ma'aikata ba su da wurin tsayawa. In ba a sabunta ba, siminti za a malala a kan shekara bakwai.

Dakta tana da alƙaluma shafi-shafi, amma ta ce wakiliyar nan ta ƙoshi da alƙaluma. Sai ta tuno wani gwaji mai sauƙi: a binne ƙyallen auduga zalla a kowane fili, a tono bayan mako takwas. Ƙasa mai rai, ƙananan halittun cikinta za su cinye audugar. Matacciyar ƙasa kuwa za ta dawo da ita kusan yadda aka ba ta. Matsalar ita ce sayen ƙyallen. Dokar tallafi ta ce kafin a sayi ko allura sai an kawo takardun farashi daga shago uku, sannan mai kula da tallafi ta sa hannu. Mai kula da tallafin ita ce, kuma dokar ta hana mutum sa hannu a kan buƙatar kansa. Daraktan da zai sa a madadinta ya yi tafiya. Ta zauna ta rubuta wa kanta takarda, ta karanta, ta ƙi amincewa da ita. Wallahi haka aka yi.

Sai ta tuna da durowata.

Watanni kafin nan ta saya mini singileti huɗu farare, auduga zalla, masu laushi. Abin da ba ta sani ba shi ne ƙanena ya zo zai tafi neman aiki, ya buɗe durowar ya yi ta shafa su yana yaba idon matar yayansa, har na kasa hana shi, na ba shi biyu. Don kada ta ga giɓi, na shiga kasuwa na sayo biyu masu kama da su sak, amma roba ce tsagwaro, in ka sa da rana kamar an naɗe ka a leda. Na jera su tare na yi shiru.

Ranar da ta gaya mini muna shan shayi ne da safe. Ta ce ta ari singiletina biyu don ci gaban ilimi, sun riga sun kwana uku a ƙarƙashin ƙasa. Na yi dariyar yaƙe, na tashi kamar zan ɗauko hula, na buɗe durowa na shafa biyun da suka rage. Ɗaya auduga, ɗaya roba. Ke nan a ƙasa ma haka suke. 

Da na faɗa a ranar, da an tono an sauya, kwana uku kawai aka rasa. Amma na tsaya ina dabara. Na ce in robar a filin tsiraran take, za ta fito garau, na auduga kuma a filin Dakta ya cinye, kowa ya tafa, ni ma na tsira. Na gwada bugun cikinta, na tambaye ta wanne ta sa a wane fili. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ai duk ɗaya ne, ko akwai bambanci? Na ce babu. Mako takwas na yi ina ɗinki ina karya allura.

Ranar tonon ta ce in zo in karɓi kayana. Na sa babbar riga a kan singiletin audugar da ya rage, na tafi da safe. Wakiliyar gajeruwar mace ce mai hular rana da ɗan littafi, ba ta rufe baki da tambaya, har ma'aikata suka raɗa mata Madam Don-me. Darakta na gefe yana kaɗa makullin mota.

Aka fara da filin tsirara. Dakta ta sa shebur a gindin sandar da ta kafa alama, ta ɗago singileti ya yi ja, da 'yan huji nan da can kamar ɓera ya ɗanɗana. Tun daga nesa na gane saƙar. Audugar ce. 

Ta ƙarasa filinta tana murmushi, ta ture karan da hannu, ta tona. Ƙasar baƙa, tana ƙamshi, tana warwatsewa kamar garin burodi. Ta jawo singiletin, ta karkaɗe. Ko zare ɗaya bai ɓata ba. Da za a wanke shi, ranar zan iya sa shi in fita unguwa.

 Madam Don-me ta rubuta wani abu. Darakta ya yi gyaran murya ya ce to, bincike dama haka yake, wani lokaci ba ya ba ka abin da kake so. Na dubi matata. Tana riƙe da singiletin da hannu biyu, tana kallon ƙasar kamar ɗan da ta raina ya ƙaryata ta a gaban baƙi. Tausayinta ya kama ni, kuma na ji haushin kaina fiye da yadda na taɓa ji.

Na ce, “Akwai mai ashana?”

Direban wakiliyar yana da ita. Na zare ɗan ƙyalle daga gefen na farko na kunna, ya ci wuta ya zama toka mai laushi, yana warin takarda. Na yanko na biyun na kunna. Ya nannaɗe, ya ɗiga, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, wari ya sa Darakta ja da baya.

“Wannan ba auduga ba ce, ranki ya daɗe,” na ce wa wakiliyar. “Roba ce. Ko shekara hamsin ta yi a ƙasa babu mai cin ta. Ƙasar ba ta da laifi, Dakta ma ba ta da shi. Ni ne.”

Madam Don-me ta yi abin da ta saba, ta ce don me. Haka na tsaya a gaban darakta da direba da ma'aikata shida na zayyana labarin ƙanena da durowa da kasuwa. Kafin in gama wakiliyar tana dafe da ciki don dariya, tana share hawaye da gefen hularta. Dakta ba ta yi dariya ba. Cewa kawai ta yi, “Tela,” a hankali, na san kuma akwai sauran zance a gida.

Da wakiliyar ta natsu ta ce labarin ya yi daɗi, amma ba za ta iya maƙala shi a rahoto ba. Ta ce nan da wata biyu za ta sake biyowa ta hanyar nan, za ta riƙe sa hannunta har lokacin, in akwai auduga ta gaskiya a binne yanzu a gabanta. Dakta ta fara bayanin takardun shago uku. Ni kuwa na zagaya bayan tankin ruwa, na tuɓe babbar riga, na cire singiletin audugar na ƙarshe, na mayar da rigar. Na kawo shi da ɗuminsa. Aka ƙona gefe aka tabbatar, na tsaga shi biyu daidai da almakashin da ba ya barin aljihuna, aka binne rabi a nan rabi a can.

Wata biyun nan kusan kullum sai Dakta ta bar fayil ta leƙa filin da yamma, wai tana gadin kada wani tela ya sake taimaka mata. Laka ta dawo gidanmu. Ni ma kwana goma na yi ana miƙo mini shayi ba magana, daga baya aka sassauta.

Ranar tono na biyu ban je ba, kunya ta hana ni. La'asar ta yi sai ga ta a ƙofar shagona, farcenta baƙi ƙirin, ta ajiye ambulan biyu a kan keke. A na farko rabin singiletin filin tsirara ne mai huji-huji. A na biyu babu komai sai zaren ɗinkin wuya, a murɗe, da ɗan tambarin kamfani. An sabunta tallafin shekara uku. Darakta zai nemi wa motoci wani wuri.

Na tashi zan fara murna, ta ɗaga mini hannu.

“Maigida, tambaya ɗaya. Da robar a filin tsirara ta faɗa, ta fito garau, aka tafa mini, da za ka gaya mini?”

Na so in ce e. Na dubi zaren da ke tafin hannuna, na ce, “A'a, Dakta. Addu'ar da na yi ta yi ke nan mako takwas.”

Ta jinjina kai. Ta ce da addu'ar ta karɓu, da ta ɗauki hoton ƙarya ta liƙa a rahoto da sunanta a ƙasa, ta nuna wa manoma, ta yi shekara uku tana alfahari da shi ba ta sani ba. Ta ce gara da filinta ya sha kunyar rana ɗaya. Ni sai a lokacin na ga girman abin da na kusa yi mata.

Sai ta ja kujerar masu jiran ɗinki ta zauna, ta zaro fom daga jaka. Ta ce gwajin zai faɗaɗa zuwa gonaki arba'in, ana buƙatar wanda zai riƙa tantance ƙyalle kafin a binne, kuma ta san wani tela da ba zai ƙara yi mata ƙarya a kan auduga ba. Na miƙa hannu zan karɓi biro, ta janye fom ɗin. Wai mijin mai kula da tallafi ne ni, doka ta hana, sai dai in yi kyauta.

Na ce na yarda. Ta kwashe da dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, ta share hannunta mai laka da sabon yadin wani mai ɗinki, ni kuma na ƙyale ta.